Gwaggo Ban-Gane-Ba

Duk wanda ya san Gwaggo Rabi ta Ƙofar Sauri, in ya rufe ido yanzun nan, na tabbata da hannunta a sama zai gan ta. Tsohuwa guda, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, ta naɗe ƙafa a kan tabarma tsakiyar 'yan mitsi-mitsin yara, ta ɗaga yatsa tana karkaɗawa kamar mai tsayar da ɗan kabu-kabu: "Malam, ban gane ba!" Malamin da ake kira kuwa bai wuce shekara huɗu ba, wani lokacin wandonsa ma a baibai yake.

Kuma fa matar nan rabin rayuwarta a firamare ta yi shi tana koyarwa. Akwai manyan mutane a garin nan da ita ta fara riƙa musu fensir. Amma da ta yi ritaya, ta share soron gidanta ta tara 'ya'yan unguwa waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba, sai ta ce ita ta gama malanta, yanzu karatu za ta shiga. Ta zaƙulo wani tsohon tabarau na marigayi mijinta, gilasansa sun daɗe da zubewa, ta ɗaura masa zare. Kowace safiya yaro guda ake rataya wa shi. Wanda tabarau ya hau hancinsa shi ne Malam. Shi zai zaɓi wasan da za a yi, shi zai koyar da shi, kowa kuma ɗalibinsa ne, har da mai soron. A cikin ɗaliban nan kaf ba a taɓa yin daƙiƙi irin Gwaggo ba. Da haka unguwa ta laƙaba mata Gwaggo Ban-Gane-Ba, ita kuma tana amsawa da fara'arta.

Ni Binta, 'yar ƙanenta, ba nishaɗi ya kai ni soron nan ba. Ɗana Sadik na kai. Yaro ya doshi shekara biyar ba ya magana. Asibiti sun duba kunne, sun duba harshe, sun ce lafiyarsa lau. In mu biyu ne a ɗaki yakan raɗa mini "ruwa" ko "Umma", daga nan an tashi kasuwa. Mahaifinsa kuwa ko "Abba" bai taɓa samu ba, duk da kullum in ya dawo daga ofis sai ya tsayar da yaron a gabansa yana "Ce Abba! Ce Ab-ba!" kamar mai horar da aku. Ana cikin haka surukata ta aiko daga ƙauye cewa a kai mata jikanta ta riƙe, cikin 'yan'uwa da awaki bakinsa zai buɗe. Abban Sadik, wato mijina Malam Lawal, ya amsa, ya ce da an sauko daga Babbar Sallah zai kai shi. Ba mugunta suka nufa ba, na sani. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, yaro nawa kuka ga an kai wa kaka riƙo ya dawo? Na yi kuka, na yi fushi, har yajin girki na yi na yini guda, duk a banza. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda yaron ya riƙa zuwa wajen Gwaggo kafin Sallar. In ya yi magana, an fasa tafiya.

Ranar da muka fara zuwa, bayan Ƙaramar Sallah da kaɗan, wata 'yar duma-duma mai suna Zainab ce da tabarau. Wasan kiwo ta zaɓa. Ƙwallayen dabino su ne awaki, gwangwanin madara shi ne garke, kowa ya ƙirga nasa yana zubawa. Da aka zo kan Gwaggo sai ta gyara zama.

"Ɗaya, biyu, huɗu, bakwai, goma! Malama, na gama."

"Ina ukku?" in ji Zainab.

"Ukku ta tahi shan ruwa."

Yara suka kwashe da dariya har da masu birgima. Zainab ta yi ajiyar zuciya irin ta manyan mata, ta kai hannu za ta gyara. Caraf Gwaggo ta rufe awakinta da tafi.

"A'a, Malama, hannu baya. Malami bai taɓa aikin ɗalibi. Da baki yake faɗi."

Haka yarinyar nan ta goya hannu a baya tana jan ƙirga, ajin gaba ɗaya na taya ta da ihu, Gwaggo na kwafsawa ana komawa farko. Da ƙyar aka kai ta goma. Zainab ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Gwaggo, ke kam kanki bai ja. Gobe ki zo mani da babanki."

"Babana ya rasu, Malama."

"To mijinki."

"Shi ma ya rasu."

Zainab ta gyaɗa kai cike da tausayi. "Shi ya sa. Ba mai duba maki aikin gida."

Ban ƙi gaskiya ba, na lura cewa wajen gyara wa Gwaggo kuskure har ɗan autan ajin ya ƙirga goma bai san ya yi ba. Amma ni idona na kan Sadik, wanda ya lafe a lungun ƙofa ko tari bai yi ba. Na matsa na ce ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, ni fa magana na kawo a koya mashi, ba wasan kwaikwayo na zo kallo ba." Ko dubana ba ta yi ba. Sai ta ɗaga hannu: "Malama, wannan sabuwar ɗalibar na damuna da surutu." Wallahi haka aka sa ni, uwar 'ya'ya uku, na ɗora yatsa a baki har aka tashi.

Ashe dokar soron ke nan. In dai ana cikin aji ka tsallako dokin ƙofa, ka zama ɗalibi, ko kai waye. Alhaji Mamman mai yadi shi zai ba ku labari, yana nan da ransa.

Shi Alhaji da alheri ya fara zuwa. Kun san Gwaggo da tsimi, ba ta taɓa sayen kayan wasa ba. In aka je biki, mata na rabon alkaki, ita tana bin ƙarƙashin kujeru tana tsince marafan lemo. Kwalin sukari, tsinken tsire, ƙyallayen tela, ba abin da ke wuce ta. To Alhaji ya dawo daga tafiya ya kawo wa ajin wata 'yar tsana ta roba, in an danna cikinta sai ta kama rera haruffa da Turanci. Gwaggo ta danna, ta saurara har ƙarshe, ta juya ta, ta zare batiran.

"Hajiya, ai da su take magana!"

"Na ji ta, Alhaji. Ta riga ta gane komi. To mi yara za su koya mata?"

Aka zaunar da 'yar tsana kusa da Gwaggo ta zama daƙiƙiya ta biyu, yara suka yi ta fama da ita a kan gaisuwar safe. Batira kuwa suka wuce ɗaki. Da Alhaji ya yi ƙorafi sai ta ce, "Allah ya amfana. Rediyona na gaishe ka."

Dawowarsa ta biyu da faɗa ya zo. Ɗansa Faruku ya je gida ya ce shi ke koyarwa a makaranta. Alhaji ya faɗo soro yana saɓa babbar riga: "Hajiya, na kawo yaro a koya mashi, an ce shi ke koyarwa. In malami ne, mi ya kawo shi nan?"

Gwaggo ta nuna masa tabarma. "Ka makara, Alhaji. Zamna, kada Malam ya gan ka tsaye."

Ya waiga, sai ga Faruku da tabarau, ya baje ƙyallaye yana koyar da launi. Mutumin da ya tsufa a cikin yadi aka zaunar za a nuna wa ja da kore! Bai gama naɗe rigar ba wayarsa ta ɗauki ƙara. Faruku ya tako ya miƙa gwangwani.

"Ba a waya a aji."

"Kai Faruku, ubanka ne fa!"

"Malam Faruku ake cewa," Gwaggo ta raɗa masa. "Kuma ka ɗaga hannu."

Waya ta shiga gwangwani, tana ta kuka a ciki. Can Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce yana neman izni ya tafi kasuwa. Malam ya ce sai ya nuna shuɗi. Ya nuna. Malam ya ce a tafa masa, aka tafa masa raf-raf-raf. Ku zo ku ga bakin Alhaji har kunne! Yinin ranar duk wanda ya shiga shagonsa sai ya ji cewa Faruku na bambance ruwan toka da ruwan ƙasa. Mako na zagayowa ya dawo da ƙafarsa, tun daga waje ya kashe wayar.

Duk wannan bidiri Sadik na lungunsa. Ni ina ganin yaro ya ƙi shiga mutane, Gwaggo kuwa hannunsa take kallo. Ta lura kullum sai ya jawo kwalin sukari, ya soka tsinke biyu ta ƙasa, ya sa marafan lemon da ta huhhuda su zama tayoyi, ya ɗaura zare. Mota ce sosai, tana tafiya ba ta karkata. Wata safiya kawai sai ta rataya masa tabarau.

"Yau Malam Sadik zai koya mamu mota."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Can dai ya ɗauki kwali ya haɗa tasa a gabansu, yara suka bi. Gwaggo ta soka nata tsinken ta saman kwali, tayoyi suka koma kan rufi, ta ja zare mota na jan ciki a ƙasa.

"Malam, tawa ta ƙi tahiya. Ban gane ba."

Ya kawo hannu da sauri.

"Hannu baya, Malam."

Ya goya hannu, ya nuna da haɓa.

"Ni ban jin yaren haɓa."

Ya kalle ta, ya kalli motar, ya juya mata ƙeya. Haka aka tashi. Bayan kwana biyu ta sake ba shi tabarau, ta sa tayoyi uku gefe guda. Wani karon ta ɗaura zaren a taya. Akwai ranar da ta kifa kwalin ta ce jirgin ruwa ne. Yaron nan ya yi ta cije leɓe, har hawaye na gani a idonsa, amma ko uffan.

Ni kuwa hankalina ya gama tashi. Raguna sun fara cika bakin titi, duk wanda ya yi kuka sai gabana ya faɗi. Na tare ta bayan an tashi yara, na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce Sallah ta zo, za a ɗauke mini ɗa, ita tana nan tana wasa da kwali. Na ce ta kama shi ta koya masa kamar yadda ake koya wa kowa, in ya so ko kalma biyar ce ya haddace mu kai wa ubansa.

Ta bar ni na gama tas, tana ta ware marafanta manya da ƙanana. Sannan ta ce, "Binta, tun da aka haihi yaron nan kowa faɗa mashi yake. Ke ki faɗa, ubanshi ya faɗa, likita ya faɗa. Akwai wanda ya taɓa buƙatar wani abu wurinshi? Ba a magana don an ce yi. Sai in akwai wanda zai lalace in ba ka yi ba."

"To ai ga ki nan kina lalacewa kullum, bai yi ba!"

"Ƙila ban isa ba," ta ce. "Miƙo mani gwangwanin can."

Sallah ta zo ta wuce, ni ko ɗanɗanon naman ban ji ba. Ranar tafiya na haɗa kayan yaron ina share hawaye da gefen mayafi. Gwaggo ta aiko cewa a bar shi ya zo aji ya yi bankwana, in ya so uban ya biyo ya ɗauke shi. Da hantsi muka iso, Abban Sadik a gaba yana duba agogo, ni a baya da jaka. Ya yi sallama ya sa ƙafa cikin soro.

"Malam Lawal, ka shigo aji," in ji Gwaggo daga kan tabarma.

"Gwaggo, ina kwana. Tasha za mu, rana na yi."

"To nemi izni wurin Malam."

Ya ɗaga kai. Ga ɗansa tsaye da tabarau marar gilashi, hannu a baya. Wa zai ba shi iznin? Kuma kun san ba a ja-in-ja da suruka a gaban yara. Ya cire takalmi ya zauna a ɗofane, aka tura masa kwali da tsinke da marafai. Bai ga yadda aka yi ta farko ba, hankalinsa kuma na tasha. Sai ya yi abin da kowane ɗalibin da ya makara yake yi, ya saci kallon na kusa da shi. Na kusa da shi kuwa Gwaggo ce. Ta soka tsinke ta sama, ya soka ta sama. Ta ɗora taya kan rufi, ya ɗora.

Zainab ta miƙe tsaye. "Malam! Abbanka na satar amsa! Kuma wurin Gwaggo!"

Ina daga bakin ƙofa ina kallon Sadik. Idonsa na kan hannun ubansa. Ya matso taku ɗaya. Hannunsa ya zo gaba, ya mayar da shi baya. Ya nuna da haɓa, uban bai ma gani ba, yana ta kiciniyar cusa taya ta biyu a kan rufi. Ƙirjin yaron na hawa yana sauka. Ya jure wa shirmen Gwaggo mako da makonni, amma a ce Abbansa guda, mai zuwa ofis, a gaban su Zainab?

"Abba! A'a! Ƙasa! Taya ƙasa take!"

Jakar hannuna ta faɗi. Yara duka suka waiga suna kallonsa. Muryar ma ban san ta ba, wata 'yar kakkaura, ashe haka muryar ɗana take in ta fito fili. Abban Sadik ya daskare da marfi a hannu. Na ga bakinsa na motsi, na san "Sake faɗi! Ce Abba!" ke shirin fitowa, na ce shi ke nan zai ɓata mana. Sai Gwaggo ta yi gyaran murya, ba ta ko ɗago ba. Ya dube ta. Ya dubi yaron. A hankali ya zare tsinken, ya soka shi a gaban motar inda fitila ya kamata ta zauna, sannan ya ɗaga hannu sama, hawaye na bin gemunsa.

"Malam," ya ce, "ban gane ba."

Jama'a, ranar aka ga koyarwa! "Ba nan ba! Cire! Juya kwalin! Huda nan, kusa da ƙasa! Abba, kai ma kanka bai ja!" Kalmomi na fita suna tuntuɓe da juna, wasu a karye, wasu a juye, amma suna fita. Ni ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, sai da matan maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Abban Sadik ya lalata kwali huɗu da gangan kafin ya yarda motarsa ta yi tafiya. Aka tafa masa. Ya ɗauki jakar da kansa ya kama hanyar gida, yana jan motar kwali da zare a cikin lungu, Malam na biye yana yi masa faɗan kada ya sa ta a kwata.

Na durƙusa gaban Gwaggo zan yi godiya. Ta ci gaba da tattara marafanta ta ce, "Tun bayan Ƙaramar Sallah nike lalata mota yaron nan bai tanka ba. Ashe wanda ya hi ni daƙiƙanci yake jira."

Surukata da ta ji labari ba ta yarda ba, sai da ta zo da kanta. Sadik ya zaunar da ita a tabarma ya koya mata mota, ta koma ƙauye da tata a cikin kaya.

Yanzu shekararsa goma sha shida. Shi ake turawa muhawara a makarantarsu, a gida kuwa ba mai shan shayi cikin kwanciyar hankali. Ubansa ya sha zuwa gaishe da Gwaggo ya ce, "Gwaggo, ba wani wasan da ake rage surutun nan kaɗan?" Ita kuma ta ce, "Kai ka yi satar amsa, kai za ka ji da sakamako."

Da ciwonta ya yi nauyi a bana, ɗalibanta da malamanta, waɗanda duk mutane ɗaya ne, suka yi ta sintiri a gidan. Zainab ta zo da kayanta na makarantar koyon jinya, ta duba ta ta ce ba ta shan magani a kan ƙa'ida. Gwaggo ta ce ba ta gane ba.

Safiyar da za ta tafi muna zagaye da ita, magana ta yi mata wuya. Sai muka ga yatsanta ya ɗan ɗaga daga kan bargo. Ta nuna ƙusar da tabarau ke rataye, ta nuna Sadik. Na ɗauko na sa masa, zaren ma ya yi masa kaɗan. Ya durƙusa kusa da kunnenta, kuma wallahi da kansa ya mayar da hannunsa baya.

"Malam," ta ce, da ƙyar muke ji, "koya mani."

Ya faɗi kalmar shahada a hankali. Mu kuwa saboda sabo, har cikin kukan, sai da muka saurara mu ji inda za ta kwafsa. Ta ɗauko ta daga farko ta kai ƙarshe, ko harafi ba ta ci ba. Ranar ce kaɗai Gwaggo ta gane a karo ɗaya.

Allah ya jiƙan Gwaggo Rabi, ya yafe mata kurakuranta na gaske, ya ba ta ladan na gangan. Yadda ta ƙanƙan da kanta don bakin 'ya'yanmu ya buɗe, Allah ya ɗaukaka ta, ya buɗe mata ƙofofin rahamarsa, ya sa ta amsa tambayar kabari ba gargada. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.